Bawul na hannu ko na lantarki: yadda za ka zaɓa wa balan-balan motar kayanka

Tambayar wanne ya fi, bawul na hannu ko na lantarki, ta yi ta zuwa daga masu akori-kura da direbobin motocin kaya. Mutum ya sa balan-balan iska a motarsa, wato jakar roba da ake hura wa iska don ta ɗauki nauyin mota kamar sifirin, ko yana shirin sawa, sai ya tsaya cik a kan abin da zai riƙa sarrafa iskar da shi. Bakanike ya ce masa na hannu ba ya lalacewa, mai rewaya kuma ya ce na lantarki ne na zamani. Kowa da gaskiyarsa, amma ba su ne za su tuƙa motar ba. Abu biyu ne ke yanke hukunci: aikin da motar take yi kullum, da wanda zai iya gyara ta a inda za ta tsaya maka ranar da ta lalace. Ga matakan a jere, daga zaɓi har haɗawa da gwaji.

1. Leƙa ƙarƙashin motar tukuna

Tsari uku ake samu, kuma shawarar kowanne daban ce.

Na farko, sifirin ƙarfe yana nan yadda yake, an dai ƙara balan-balan biyu a aksil ɗin baya don su tallafa idan an yi lodi. Irin su Ride-Rite na Firestone da LoadLifter na Air Lift ke nan, kuma yawancinsu suna aiki ne tsakanin psi 5 da psi 100 (psi awon matsin iska ne). Ko iska ta fice, sifirin zai riƙe motar ka isa inda za ka.

Na biyu, an cire sifirin gaba ɗaya, motar tana zaune kan balan-balan huɗu. A nan idan iska ta tafi, mota ta zauna ƙasa, tafiya ta ƙare. Abin sarrafawa ya zama wani ɓangare na lafiyar tuƙi kenan.

Na uku, babbar mota ko kan tirela da ta fito daga kamfani da balan-balan. Irin wannan tana da bawul mai sanda da ke haɗe da aksil yana daidaita tsayi da kansa, ko kuma tsarin lantarki kamar ECAS na WABCO. Kada ka cire shi. Abin da za ka iya ƙarawa shi ne bawul ɗin zubar da iska don shiga ƙarƙashin tirela, ko na ɗaga aksil, kuma a kansa ne zaɓin hannu ko lantarki zai shafe ka.

Gargaɗi: a motar da birkinta na iska ne, kada ka taɓa jan layi kai tsaye daga tankin birki. Ana ɗaukar iska ne daga tankin ƙarin kayan aiki, bayan bawul ɗin kariya da ke rufewa idan iska ta yi ƙasa. Idan babu shi, tiyon balan-balan guda ɗaya da ya fashe zai zuƙe iskar birkinka.

Gargaɗi na biyu: balan-balan yana miƙar da mota, amma ba ya ƙara mata nauyin da kamfani ya amince ta ɗauka. Aksil, taya, birki da shasi suna nan da iyakarsu da ke rubuce a jikin ƙofa ko shasi.

2. Amsa wa kanka tambayoyi huɗu

Sau nawa lodinka yake canzawa? Wanda yake jan tirela ɗaya mai nauyi ɗaya duk mako ba ya buƙatar abin da mai sauke kaya a wuri biyar kafin azahar yake buƙata.

Kana so ka gyara tsayi kana cikin tafiya, ko ba damuwa ka tsaya ka fita?

Kusurwa nawa za ka sarrafa? Baya kawai, ko gaba da baya, ko kowace taya da nata?

Ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa da ita: a ina motar take yawan aiki? Idan hanyarka doguwa ce, mai ƙura, laka da tsallake ruwa, nesa da mai rewayar da ya san aikinsa, kowane soket da ka ƙara a ƙarƙashin mota wani wurin lalacewa ne ka ƙara. Idan kuma aikinka cikin gari ne kan kwalta, wannan tsoro bai kai ya hana ka na lantarki ba.

Rubuta amsoshin. Da su za ka auna abin da ke tafe.

3. San abin da kowane tsari ya ƙunsa

Mutane suna magana kamar zaɓi biyu ne, alhali hawa huɗu ne.

Hawa na farko shi ne bakin hura iska irin na taya. Tiyo ya taso daga balan-balan ya ƙare a bamba ko kusa da lambar mota, ka hura da famfon taya, ka auna da geji. Babu kwamfiresa, babu tanki, babu waya ko ɗaya. Shi ya fi komai araha, ya fi komai ƙarancin yoyo. Aibinsa ɗaya: sai ka tsaya, kuma sai ka sami iska. Abin da nake gani shi ne masu irin wannan tsari suna gajiya da hurawa, sai su bar iskar a adadi ɗaya ko da lodi ko babu, su yi ta ƙorafin mota tana dukan baya.

Hawa na biyu shi ne bawul na hannu a cikin mota, mai ɗan harshe da ake turawa sama iska ta shiga, a danna ƙasa ta fita, a sake shi ya koma tsakiya ya rufe. Iskar kanta ce take shigowa har dashbod ta tiyo, ta ratsa bawul ɗin, ta koma wajen balan-balan. Amfaninsa babba ne: yatsanka yana jin iskar, kana iya ƙara kaɗan-kaɗan, kuma muddin akwai iska a tanki zai yi aiki ko batir ya mutu. Yana zaune a busasshen wuri, ruwa da laka ba sa taɓa shi. Amma hanyar iskarsa ƙarama ce, tiyon kuma dogo, don haka motar tana tashi a hankali. Idan kusurwa huɗu za ka sarrafa, aƙalla tiyo biyar ne za su shiga cikin mota, ɗaya mai kawo iska, huɗu masu mayarwa, ban da na geji. Sannan ƙarar iskar da kake zubarwa a kunnenka za ta riƙa tashi idan ba ka fitar da ita waje ba.

Hawa na uku shi ne bawul mai solinoyid, wato wanda wutar lantarki take buɗewa, da makunni. Bawul ɗin yana can kusa da tanki ko balan-balan, waya ce kawai take shigowa wajen direba. Ka danna makunni, wuta ta shiga koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke kan bawul ɗin, bawul ya buɗe. Ka saki, ya rufe. Tunda tiyon gajere ne kuma bawul ɗin yana iya zama mai faɗin baki, motar tana tashi da sauri. Sai dai ba shi da tsaka-tsaki, ko a buɗe ko a rufe, shi ya sa daidaita tsayi da shi yake buƙatar sabo. Yawancin waɗannan bawul a rufe suke idan babu wuta. Ma'ana idan fiyus ya ƙone iskar da ke cikin balan-balan tana nan, amma ba ka iya ƙarawa, ba ka iya ragewa.

Hawa na huɗu shi ne na lantarki mai ƙwaƙwalwa: akwatin bawul guda, da na'urorin awo, da rimot ko manhajar waya, kamar WirelessAir da 3H na Air Lift ko e-Level na AccuAir. Kana ajiye masa tsayin da kake so, ka danna maɓalli ɗaya ya koma can. A nan akwai abin da mai motar kaya ya kamata ya fahimta sosai kafin ya biya kuɗi. Wasu suna auna matsin iska ne kawai, wasu kuma suna auna tsayin mota. Mai auna matsi zai mayar maka da psi 40 ɗin da ka ajiye, amma psi 40 da mota wayam daban yake da psi 40 da lodi: adadin ɗaya ne, tsayin ya bambanta. Mai auna tsayi shi ne zai ƙara iska da kansa har mota ta miƙe komai canjin lodi. Idan dalilinka na sayen mai ƙwaƙwalwa shi ne lodinka yana yawan canzawa, mai auna matsi kaɗai bai biya maka buƙata ba.

Ra'ayina a fili: motar aiki mai balan-balan biyu a baya, wadda take nisa da gari, bawul na hannu biyu sun ishe ta. Mota mai balan-balan huɗu, ko wadda direbobi daban-daban suke karɓa, ko mai sauke kaya sau da yawa a rana, ta cancanci na lantarki, kuma idan aljihu zai ɗauka, mai auna tsayi.

4. Yanke shawarar layi ɗaya ko biyu

Wannan ya rigayi sayen bawul, domin shi ne zai gaya maka guda nawa za ka saya.

Idan ka haɗa balan-balan hagu da dama da mahaɗi mai baki uku, suna cin iska ɗaya. Aiki ya yi sauƙi, bawul ɗaya, geji ɗaya. Matsalar tana fitowa a kwana: nauyi ya danne ɓangare ɗaya, iskar ta gudu ɗaya ɓangaren, ta ƙara tura motar inda take karkata. Ga mai jan tirela da nauyinta yake sauka tsakiya, ana iya haƙuri da hakan. Ga mai dogon lodi, tankin ruwa, ko kayan da suka fi nauyi gefe guda, a raba layi. Kowane balan-balan da nasa.

Lissafin kaya: a tsarin hannu, harshe ɗaya yana hurawa yana zubarwa, don haka layi biyu bawul biyu, kusurwa huɗu bawul huɗu. A tsarin solinoyid kowane layi yana buƙatar biyu, na shiga da na fita. Layi biyu bawul huɗu, kusurwa huɗu bawul takwas. Geji mai allura biyu yana nuna layi biyu a fuska ɗaya, yana rage maka huda dashbod.

5. Auna iskarka da wutarka

Bawul mai tsada ba ya ƙirƙirar iska. Yawancin ƙorafin “na lantarki ba ya ɗagawa” ko “na hannu ya cika nawa” daga kwamfiresa da tanki yake tasowa.

Balan-balan biyu na tallafi suna iya aiki da ƙaramar kwamfiresa ba tare da tanki ba, musamman a tsarin lantarki da yake kunna ta kai tsaye. Bawul na hannu kuwa ya fi daɗin aiki da tanki, ko da ƙarami ne. Balan-balan huɗu suna buƙatar tanki na galan 3 zuwa 5, wato wajen lita 11 zuwa 19.

Duba abin da aka rubuta game da tsawon lokacin da kwamfiresa take iya aiki ba hutu. Misali, Viair 444C tana kaiwa psi 200, kuma an yi ta ne ta iya aiki ba tsayawa a psi 100. Ƙananan da ake hura taya da su ba su da wannan juriya, suna zafi su ƙone. Makunnin matsi shi ne yake kunna kwamfiresa idan tanki ya yi ƙasa, ya kashe ta idan ya cika, kuma ana samunsa da adadi kamar 110/145 ko 165/200. Adadinsa na sama kada ya wuce ƙarfin kwamfiresa, tanki, ko bawul ɗinka. Idan gejinka da bar yake awo, bar 1 daidai yake da psi 14.5.

Gargaɗi: tankin psi 200 yana iya fasa balan-balan da iyakarsa psi 100 ce. Da bawul na hannu ko makunni, babu abin da zai tsayar da iskar sai idonka a kan geji. Ka sa bawul mai rage matsi tsakanin tanki da abin sarrafawa, ko ka zaɓi makunnin matsi mai ƙaramin adadi.

Batun wuta: kwamfiresa irin wannan tana jan sama da amfiya 20 ita kaɗai, koyil ɗin solinoyid kuma abin da yake ja kaɗan ne. Saboda haka ko na hannu ka zaɓa, aikin wayar kwamfiresa yana kanka. Tabbatar motarka 12V ce ko 24V kafin ka yi oda. Koyil ɗin 12V a motar 24V zai ƙone, na 24V a motar 12V kuma ba zai buɗe da kyau ba.

6. Zaɓi tiyo da mahaɗai

Tiyon nailan na birkin iska ake amfani da shi, mai rubutun DOT ko SAE J844 a jikinsa. Tiyon ruwa ko na mai ba ya wannan aiki.

Inci 1/4 ya ishi balan-balan tallafi da bawul na hannu. Inci 3/8 shi ne tsaka-tsaki ga solinoyid. Inci 1/2 yana sa mota ta yi tsalle, abin da masu nunin mota suke so, amma bai dace da motar da take ɗauke da kaya ba. Idan solinoyid ɗinka ya yi saurin da ba ka iya daidaitawa, akwai ɗan bawul mai rage gudun iska da ake sawa a layi.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓata wa mutane lokaci shi ne gauraya awon inci da na milimita. Inci 1/4 milimita 6.35 ne, ba 6 ba. Inci 3/8 milimita 9.5 ne, ba 10 ba. Tiyon milimita 6 zai shiga mahaɗin inci 1/4 kamar ya zauna, sai ya yi ta tsiyayar iska, wata rana ya fice. Haka zaren mahaɗai: kayan Amurka yawanci zaren inci ne mai suna NPT, manyan motocin Turai kuma zaren milimita suke da shi kamar M16 da M22. Kada ka matsa ɗaya cikin ɗaya da ƙarfin sufana. Ka nemi mahaɗin da yake sauya zare.

7. Lissafa kuɗin gaba ɗaya

Farashi yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, amma jerin ba ya canzawa: bakin hurawa ya fi araha nesa ba kusa ba, sai bawul na hannu, sai solinoyid da makunni, sai mai ƙwaƙwalwa, wanda shi kaɗai yana iya fin kuɗin balan-balan ɗin kansu. Kwamfiresa, tanki, matatar ruwa, makunnin matsi, rile (makunnin da ƙaramar wuta take kunna babba da shi) da fiyus kuɗinsu ɗaya ne a kowane tsari ban da na bakin hurawa, don haka ka cire su gefe, ka kwatanta abin da ya rage.

A na hannu, kuɗin yana tafiya ne a tiyo mai yawa, mahaɗai, geji, da ladan wanda zai ratsa tiyon cikin mota. A na lantarki yana tafiya a bawul, waya, soket masu hana ruwa shiga, da ladan mai rewaya. Ka kuma tambayi kuɗin gyara tun kafin ka saya. Bawul na hannu ko solinoyid guda ɗaya ana canza shi shi kaɗai, wani lokaci ma roba kawai za a sauya. Akwatin mai ƙwaƙwalwa idan ya mutu, sau da yawa sai dai a nemo irinsa daga kamfanin da ya yi shi, motar tana jira.

Wurin da ba a tsimi shi ne mahaɗai. Araha ba ta ado: mahaɗi mara kyau guda ɗaya ya isa ya sa kwamfiresa ta riƙa tashi kowane minti kaɗan har ta ƙone.

8. Haɗa tsarin hannu

Kayan aiki: abin yankan tiyo ko sabuwar reza, sufanu, na'urar huda, robobin da ake sawa a bakin huda, igiyoyin ɗaure waya, man rufe zare ko farin tef, jak da ƙafafun tsayar da mota, da kwalbar fesa ruwan sabulu.

Gargaɗi kafin komai: kada ka shiga ƙarƙashin motar da iska ce kawai take riƙe da ita. Ka ɗora shasi kan ƙafafun ƙarfe, ka zubar da iskar tanki, ka cire kan batir.

Fara da wurin bawul. Ya kasance hannunka yana kaiwa ba tare da ka sunkuya ba, kuma gwiwa ko kaya ba za su danna shi ba. Daga nan ka bi hanyar tiyo da ido tun daga tanki har dashbod kafin ka yanka komai. Tiyo ya bi jikin shasi, ya nisanci salansa da aƙalla inci 6, wato santimita 15, ya kauce wa duk abin da yake juyawa ko yake motsi. A bar masa ɗan sassauci kusa da aksil. Idan kan motarka mai kifawa gaba ne, tiyon ya bi ta wajen maƙallin da yake juyawa, in ba haka ba ranar da aka kifa kai don duba inji zai tsinke.

Duk inda tiyo ya ratsa ƙarfe, a sa roba a bakin hudar. Yanka ya zama a miƙe, da abin yanka mai kaifi. Filaya tana matse bakin tiyo, kuma matsattsen baki ba ya rufewa. Tura tiyo cikin mahaɗi har ka ji ya wuce robar ciki ya tsaya, sannan ka ja shi baya kaɗan ka tabbatar ya kama.

A zare, ka bar zagaye ɗaya ko biyu na farko babu tef. Guntun tef da ya shiga cikin bawul yana hana shi rufewa, kuma wannan yoyon ba ya nunawa a waje.

Bawul ɗin yana da baki uku: na shigowar iska, na zuwa balan-balan, na zubarwa. Duba alamar da ke jikinsa kafin ka soka. Geji yana hawa ne a layin da ke zuwa balan-balan. Bakin zubarwa kuma ka ja masa tiyo ya fita ƙarƙashin mota. Ka manna wa kowane tiyo alamar hagu ko dama a duka bakinsa biyu.

9. Haɗa tsarin lantarki

Dokokin tiyo na sama duk suna nan. Abin da ya ƙaru shi ne wurin bawul da aikin waya, kuma ka ƙara mitar auna wuta a kayan aikinka.

Ɗaura bawul a wuri mai tsayi, inda ruwan da taya take fesawa ba ya kaiwa, koyil yana kallon sama. Tsakanin tanki da bawul a sa matatar ruwa. Kwamfiresa tana tara ruwa a tanki, ruwan yana kawo tsatsa, ƙwayar tsatsa ɗaya a kan robar solinoyid ta isa ta hana shi rufewa. A wuraren sanyi mai tsanani ruwan yana ƙanƙarewa a ciki bawul ya ƙi motsi gaba ɗaya.

Gargaɗi: solinoyid yana da kibiya ko rubutun shiga da fita. Idan aka juya shi, iska za ta riƙa ratsawa ko yana rufe. A bawul ɗin hurawa, shiga tana kallon tanki. A na zubarwa, shiga tana kallon balan-balan.

Wutar kwamfiresa ta taso kai tsaye daga batir da waya mai kauri gwargwadon abin da takardar kwamfiresar ta ce, fiyus yana kusa da batir, ta ratsa rile. Makunnin matsi ya riƙa kunna rile, kada wutar kwamfiresa ta bi ta cikinsa. Wutar da take ba makunnin matsi umarni kuma a ɗauko ta daga layin da yake kawowa sai an murɗa makulli. Wanda ya haɗa shi da wutar da take nan kullum, ɗan yoyo kaɗan zai sa kwamfiresa ta kwana tana tashi, da safe batir ya mutu.

Makunnan bawul su kasance masu komawa da kansu idan an saki, da fiyus nasu daban. Wayar ƙasa, wato ta negetif, ta kama ƙarfen shasi da aka kankare fenti da tsatsa. Sau da yawa lalacewar tsarin lantarki da ake ɗora wa bawul daga nan take. Kada a murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin tef a ƙarƙashin mota. A matse ta da mahaɗi mai robar da take tsukewa da zafi, a sa ta cikin kwaroron waya.

Idan mai auna tsayi ne, sandarsa ta yi motsi cikin iyakarta tun daga motar tana ƙasa har ta miƙe ƙarshe. Gwada da hannu da jak kafin ka ba shi wuta, domin sandar da ta gaza tsawo tana karyewa a ramin farko. Saitin farko a yi shi a shimfiɗaɗɗen wuri, tanki cike, ba kowa kusa da taya.

Ko wane tsari ka zaɓa, ka ƙara bakin hurawa irin na taya a kowane layi, a wurin da hannu yake kaiwa. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma ranar da kwamfiresa ko fiyus ya ba ka kunya, da famfon taya za ka miƙar da mota ka ci gaba.

10. Gwada kafin lodi

Kunna mota, bari tanki ya cika, ka ga kwamfiresa ta mutu da kanta a adadin da ke jikin makunnin matsi. Hura balan-balan zuwa psi 30 ko sama kaɗan. Fesa ruwan sabulu a kowane mahaɗi, har da bakin zubarwa, domin kumfa a nan tana nuna bawul ne ba ya rufewa. Inda ka ga kumfa a tiyo, zubar da iska, ciro shi, yanke ɗan bakin a miƙe, ka mayar.

Rubuta adadin kowane geji, ka bar motar ta kwana. Raguwar psi 2 zuwa 4 bayan sabon haɗi ba abin damuwa ba ce, sanyin dare ma yana rage matsi. Idan ta wuce 5, akwai yoyo. Tanki ne kawai ya sauka, ka duba bawul mai hana iska komawa da ke bakin kwamfiresa. Gefe ɗaya ne ya sauka, matsalar tana layin nan.

Duba kuma cewa akwai tazarar aƙalla rabin inci tsakanin balan-balan da duk wani ƙarfe, a hure da kuma a sace.

Sannan ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, mota wayam. Wannan shi ne awon da za ka riƙa nema idan ka yi lodi: ka ƙara iska har ka kusa da shi, ka tsaya. Ka rubuta psi na wayam, na rabin lodi da na cikakken lodi a takarda, ka manna kusa da bawul don duk direban da ya karɓi motar ya gani.

Gargaɗi: wasu motoci suna da bawul ɗin birki da yake gane nauyi ta hanyar yadda baya ya sauka. Idan balan-balan ya miƙar da bayan, bawul ɗin zai ɗauka babu lodi, ya rage ƙarfin birkin baya alhali motar tana cike. Idan motarka tana da shi, a kai wa masanin birki ya duba saitinsa, kuma ka gwada birki da lodi a fili kafin ka hau titi.

11. Kulawa, da sauya tsari daga baya

Zubar da ruwan tanki a kai a kai ta bawul ɗin da ke ƙasansa, a lokacin damshi kuma ka yawaita. Wanke ko canza matatar iskar kwamfiresa, kuma idan hanyarka mai ƙura ce ka ja bakinta zuwa wuri mai tsafta. Balan-balan tallafi kada ya sauka ƙasa da psi 5 ko mota wayam take, domin idan ya lanƙwashe yana cin kansa. Babbar mota kuma ba a tafiya da ita bayan an zubar da iska, hakan yana lalata balan-balan, shokobzoba da mahaɗan furofela.

Idan na lantarki ya ƙi aiki, bi wannan jeri: fiyus, wayar ƙasa, makunni, sannan koyil. Sa wani ya danna makunni kai kuma ka ɗora yatsa a kan bawul. Ka ji ƙas amma iska ba ta wuce ba, datti ne a ciki ko tanki babu iska. Ba ka ji komai ba, matsalar wuta ce. Na hannu kuwa idan ya fara huci a dashbod, yawanci robar ciki ce ta gaji ko datti ya maƙale.

Wanda har yanzu yake shakka, ya fara da na hannu, amma ya yi shimfiɗar da za ta karɓi na lantarki: layi biyu a rabe, tanki mai bakuna da yawa, matatar ruwa, da rile mai kyau. Ranar da ya ga aikin ya fi ƙarfin yatsa, sai ya yanke layukan kusa da tanki, ya sa akwatin bawul a nan, ya ciro tiyon da ke cikin mota, ya ratsa wayar makunni ta hudar da suka bari.